Wasiƙar da na yi kwana goma sha tara ina karantawa

Shekarar da tsawa ta tsaga rimin bakin kasuwarmu gida biyu, ita ce shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci, ita ce kuma shekarar da aka yi wa mahaifiyarku aiki. Ku ƙanana kuna tuna rimin, domin kun yi mako guda kuna jidar itacensa. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aka yi har aka kai ga aikin. Kun taso kuna jin ana cewa na'urar yayarku ce ta narkar da ƙaninku a ciki. Na taɓa jin Musa ya maimaita maganar a bakin rijiya, na wuce ban ce komai ba, kamar yadda na saba. Yanzu da hannuna ya iya riƙe biro, zan rubuta muku abin da ya faru, domin kada in mutu in bar ku da labarin da ba haka yake ba.

Yayarku Rakiya ita ce 'yarmu ta fari. Wannan ne karo na farko da na kawo sunanta da kaina, kuma ko yanzu biro ne ya faɗa, bakina bai saba ba. Tun da aka yaye ta yayata Abu ta ɗauke ta zuwa Bebeji, can ta girma, can ta yi makaranta. A gidanmu na nan ƙauye, kusa da Ɗansoshiya, 'yar Bebeji muke ce mata. Idan ta zo hutu takan durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe da mahaifiyarku Saude, ita kuma Saude ta amsa tana kallon tukunya. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka muka tarar iyayenmu suna yi. Ita ma Rakiya ba ta taɓa ce mata Umma ba, sai dai ta ce Umman su Musa. Da ta gama sakandare ta samu makarantar koyon aikin asibiti a Kano, ta fara da hoton ƙashi, daga baya ta koma ɓangaren hoton ciki, wanda mutane ke ce wa sikanin.

Duk abin da na sani game da karatun nata, ta bayan zana na ji shi. Da Sallah ƙarama ta zo gida, ta zauna wajen kakarta Inna, mahaifiyata, domin da ita kaɗai take sakin baki. Ni ina zaure ina gyaran fartanya, ina jin su. Inna ta tambaye ta wai da gaske ne suna leƙa cikin mutum ba tare da an yanka shi ba. Rakiya ta ce ba leƙe ba ne, sauraro ne. Ta ce kamar mutum ya yi kira a bakin rijiya ne, muryarsa ta dawo masa, daga yadda ta dawo ya gane ko da ruwa ko babu. Na'urar tana aika wani sauti da kunne ba ya ji, ya shiga jiki ya dawo, sai ya zama hoto a gilashi. Ruwa baƙi yake fitowa, ƙashi fari, sauran kuma kamar toka. Ta ce wata shida ta yi tana kallon gilashin ba ta ganin komai sai toka, har ta yi kuka ta ce za ta bari. A kan junansu suke koyo, kowacce ta sha ruwa har mararta ta cika, ta kwanta 'yar'uwarta ta gwada. Ta ce yanzu ta fi sanin ƙodar ƙawayenta fiye da fuskokinsu.

Inna ta yi dariya har da tari, ta ce, "To likitar majigi, zo ki leƙa nawa ki gaya mini inda tuwon jiya ya tsaya."

Rakiya ta ce, "Ai ko na gani ba zan faɗa ba, Inna. Ɗalibi ido gare shi, ba shi da baki. Malama ce ke rubutawa, likita ya faɗa. In na buɗe baki na gaya wa mara lafiya abin da na gani, sai a soke mini littafi."

Littafin da take nufi shi ne wanda malamarta ke sa wa hannu duk lokacin da ta duba mutum a gabanta. Sai ya cika ake barin ɗalibi ya zauna jarrabawar ƙarshe. Ta kuma ce akwai wata doka, in aka shigo da ɗan'uwanka na jini, dole ka faɗa ka fita. Na ji wannan duka, na ci gaba da gyaran fartanyata.

A lokacin Saude tana da ciki na shekara uku. Ku da kuka yi boko za ku yi murmushi, amma a wajenmu ba abin mamaki ba ne. Watan da mahaifina ya rasu, a watan ne al'adarta ta ɗauke, mararta ta fara tasowa. Inna ta ce Allah ya karɓi Malam ya aiko da mai sunansa. Bayan wata uku jini ya ɓalle, muka ɗauka ɓari ne, amma cikin bai sauka ba. Ungozomar garinmu ta taɓa, ta ce ciki ne ya kwanta, zai tashi in lokacinsa ya yi. Ta lissafa mana mata huɗu da nasu ya kwanta ya tashi, har da wadda ta yi shekara biyar. Inna ta sayi ɗan rago ta ɗaure a gindin ɗorawar tsakar gida domin suna. Ragon ya yi shekara, ya yi biyu, ƙahonsa ya murɗe, har maƙwabta suka fara tsokana suna cewa kafin a haifi mai sunan Malam sai an saya wa ragon sanda. Inna ba ta dariyar wannan. Kullum da safe takan ba shi dusa da hannunta, sannan ta leƙa ɗakin Saude ta ce ina kwanan mai sunan Malam. Cikin yana ƙara girma a hankali, jini yana zuwa yana ɗaukewa, Saude tana ƙara fari, tafin hannunta kamar an wanke shi da toka. Ni kuwa ina cewa a yi haƙuri. A garinmu an san ni da haƙuri, har ana turo mini masu rigima in sasanta su, kuma ina jin daɗin wannan suna.

Ana saura kamar wata guda a fara yankan shinkafa, Saude tana daka da hantsi, sai taɓarya ta suɓuce mata, ta zauna a ƙasa ta ce gari yana juyawa. Na ɗauke ta a babur zuwa wani asibiti da ke hanyar Tudun Wada. Na san an turo Rakiya asibitin nan aikin koyo na wata uku, amma ban gaya wa Saude ba, domin da ta sani ba za ta hau babur ɗin ba. Na yi zaton asibiti da faɗi, ba lallai su haɗu ba. Aka ƙara mata ruwa, aka ce a yi hoton ciki, aka ba ta ruwan leda huɗu ta shanye, muka zauna a benci har mararta ta cika. Da aka kira sunanta ta shiga, ni na tsaya a waje.

Abin da ya faru a ɗakin, daga baya kowaccensu ta ba ni nata ɓangaren. Ɗakin da duhu-duhu, an saki labule. Saude na shiga ta hangi 'yar Bebeji tsaye bayan malamar, cikin farar riga. Ta kwanta, ta ja hijabinta ta rufe fuska.  Malamar ta ga mace ta shigo, ba gaisuwa, ba kallo, ta ɗauka baƙuwa ce daga ƙauye. Ta shafa mata man nan mai sanyi a ciki, ta miƙa wa Rakiya kan na'urar ta ce ta fara. Nan ne ya kamata yayarku ta ce wannan mahaifiyata ce, ta fita. Ta ce mini ta buɗe baki, kalmar ta ƙi fitowa, domin tunda take ba ta taɓa faɗinta a gaban Saude ba. Kuma ta ce gaskiya tana son ta gani da idonta, don shekara uku tana kallon cikin nan daga nesa tana tsoro. Ta ɗora hannu. Ta nemi baƙin ruwan da yaro ke kwanciya a ciki, babu. Ta nemi farin ƙashin kai, babu. Ta nemi ɗan motsin nan na zuciya mai kama da ƙiftawar ido, ta zagaya sama, ta zagaya ƙasa, babu. Sai wani dunƙulallen abu mai launin toka da ya cika mahaifa har ya tura ta gefe. Malamar ta karɓa ta sake dubawa, ta auna, ta tambaye ta da Turanci me ta gani, ta amsa daidai. Malamar ta sa mata hannu a littafi ta ce ta yi ƙoƙari.

Aka ba mu takarda da Turanci cikin ambulan, aka ce mu kai wa likita. Kafin mu fito likitan ya shiga ɗakin tiyata, aka ce mu dawo ranar Litinin, kada mu wuce Litinin. Ina tayar da babur na hangi Rakiya a baranda tana kallonmu. Ta ɗaga hannu kamar za ta kira ni, sai ta sauke.

A gida Inna ta karɓi ambulan ɗin ta jujjuya shi, ta ce me aka ce. Na ce an ce mu koma. Ta ce ta san abin da komawar ke nufi, wuƙa za su sa su ciro mata jika tun bai nuna ba. Ta ɗaga katifarta ta tura takardar ƙarƙashi. Saude kuma ruwan da aka ƙara mata da ƙwayoyin ƙarin jini sun ɗan tayar da ita, har ta koma shara. Litinin ta zo ta wuce. Rakiya ta kira ni sau biyu. Wayata ta lokacin sai a babbar murya ake jin ta, duk wanda ke tsakar gida yana saurare. Ta gaishe ni, ta tambayi gona, sannan ta ce, "Baba, ku koma asibitin nan." Na ce to, in an gama yankan shinkafa. A kira na biyu Inna ta matso ta ce a gaya wa likitar majigi ta kula da karatunta. Sai Rakiya ta yi sallama.

Bayan kwana biyar Yaya Abu ta zo daga Bebeji duba Saude. Da za ta tafi ta ja ni zaure ta ba ni wata takarda a ninke, an liƙe bakinta. Ta ce 'yarta Rakiya ce ta bayar, ta ce a hannuna kaɗai, kuma kada kowa ya karanta mini. Yaya Abu ba ta karatun boko, ba ta san abin da ke ciki ba. Na buɗe na ga shafi biyu, da Hausa, an rubuta da manyan baƙaƙe rarrabe, irin yadda malaminmu ke rubutawa a allo. Yarinyar nan ta san na shiga aji. Abin da bakinta ya kasa faɗa wa uba game da cikin uwa, shi ta sa a takarda, ta kuma san takardar kaɗai ta isa a soke mata littafi.

A lokacin watana biyar a aji. Mu goma sha ɗaya ne, duk magidanta, muna zama bayan la'asar a ajin firamare, a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna taɓa tebur. Na san baƙaƙe, ina haɗa gajerun kalmomi, amma in kalma ta yi tsawo kafin in kai ƙarshenta na manta farkonta. Malaminmu, Malam Sani, ɗan abokina ne, a gabana aka haife shi. Da a ce na miƙa masa takardar, da kafin a ɗaura alwala ya gama karanta mini. Na yi tunanin haka. Amma na san maganar ta shafi cikin matata, kuma ban ga yadda zan zauna yaron da na ɗauka a kafaɗa yana karanta mini sirrin ɗakina ba. Ku ma kuna karatu a lokacin, Musa yana aji biyar, amma ɗa ba ya karanta wa ubansa irin wannan. Sai na ce zan karanta da kaina, a hankali, ai ba gudu ake ba.

Na sa ta a aljihun 'yar shara, kullum in tafi da ita fadama. In rana ta take na zauna a bukkar gona in buɗe, in ɗora yatsa. Rakiya yarinya ce mai ladabi, don haka ta fara da gaisuwa yadda ya kamata. Ta gaishe ni, ta gaishe da Inna, ta tambayi ƙannenta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta tambayi damina, ta yi addu'ar Allah ya ƙara girma. Kwana shida na yi a kan gaisuwar nan. Da na gama ta har daɗi na ji, na ce ashe ba wani abu ba ne. Daga nan kalmomi suka fara tsawo. Sai na ɓullo da dabara. In kalma ta gagare ni, in kwafe ta ita kaɗai a bayan littafina, in kai wa Malam Sani in ce a jikin buhun taki na gan ta. Ba na kai su a jere, yau in ɗauko daga ƙasa, gobe daga tsakiya, don kada ya haɗa. Ranar da na kai masa wata, ya karanta ya ce mahaifa, ya dube ni.

Ya ce, "Baba Haruna, wannan wane irin taki ne?"

'Yan aji suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Daga ranar ban sake kai masa ba, na koma fama ni kaɗai.

Ana nan aka fara yanka. Da safe in riƙe lauje, da rana in riƙe takarda, gumi ya jiƙa ta har ninkin ya fara yagewa. A gida jinin Saude ya dawo. Ba ta faɗa ba, amma ina ganin yawan zannuwan da take shanyawa a bayan ɗaki, ina ganin yadda take dafa bango in za ta miƙe. Duk dawowar da zan yi daga gona sai na tsaya a zaure na saurara, in na ji motsin kwano sannan in shiga. A rana ta goma sha shida na kai ƙarshen shafi na biyu. Na koma farko na karanta gaba ɗaya, ba tare da yatsa ba. Takardar tana nan a cikin akwatina, ga abin da ta ce bayan gaisuwa:

"Baba, ka yafe mini. Ni ce na duba Umman su Musa. Ba ciki ba ne. Babu yaro, ba a kwance ba, ba a tashe ba. Ƙari ne ya fito a mahaifa, shi ke shanye mata jini. Ana cire shi a warke in an je da wuri. In jini ya sake ɓallewa da yawa za a iya rasa ta. Kada a jira shinkafa. Ba a yarda in faɗa ba, amma na faɗa."

Nan ne wurin da nake so ku karanta da kyau. Kwana goma sha shida zan iya cewa rashin sani ne. Amma na gama karantawa ranar Talata, ban yi komai ba sai Juma'a. Na dawo gida ranar da niyyar in faɗa, na tarar da Inna a gindin ɗorawa tana sosa wa ragon wuya, tana yi masa magana kamar mutum, tana ce masa ya kusa hutawa. Na tsaya a bayanta. Matar nan shekara uku ba ta yi kukan mijinta ba, saboda tana jiran ya dawo cikin zanen goyo. Na ce bari sai gobe. Gobe ta yi na ce bari a gama ɗaurin dami, in ya so in same ta da hujjar cewa aiki ya ƙare. Na shiga ɗakin Saude sau biyu, na zauna a bakin gado, na tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, na tashi na fita. Na gaya wa kaina haƙuri nake yi, ina neman lokacin da ya dace. Tsoro ne.

Ranar Juma'a da hantsi ina fadama muna bugun shinkafa, matar maƙwabcinmu ta zo da gudu ba mayafi. Ban tsaya jin ƙarshen maganarta ba. Na tarar da Saude kwance a ƙofar banɗaki, mata sun kewaye ta, ƙasar wurin ta jiƙe. Idonta a buɗe amma ba ta gane ni ba. Inna tana cewa a kira ungozoma, naƙuda ce ta zo, mai sunan Malam ya tashi. Na wuce ta na shiga ɗakinta, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi aure, na ɗaga katifa na ɗauko ambulan. Ta tare ƙofa.

Ta ce, "Haruna, in ka fita da ita aka yanka, ban yafe ba."

Na ce, "Inna, babu yaro. Tun farko babu."

Ta ce wa ya gaya mini. Da na yi shiru a nan, da yayarku ta huta. Amma na ciro wasiƙar na ɗaga, a gaban matan unguwa, na ce 'yar Bebeji ce ta gani da idonta. Daga bakina maganar ta fita, kuma daga tsakar gidan nan labarin na'ura ya samo asali.

Muka samu motar da ta zo ɗaukar shinkafa, aka shimfiɗa ta a baya a kan buhuna, na riƙe kanta. A hanya na kira Rakiya. Kafin mu isa asibitin tana bakin ƙofa da keken marasa lafiya. Likita ya duba ya ce jininta ya yi ƙasa sosai, aikin ya fi ƙarfin nan, sai Kano. Ana neman wanda zai bi motar asibiti da bayanin hoton, sai Rakiya ta je gaban malamarta, ina tsaye ina ji, ta ce matar nan mahaifiyarta ce, ita ta duba ta ba ta faɗa ba, kuma ta rubuta wa mahaifinta sakamakon.  Malamar ta ce ta shiga motar, maganar littafi sai ta dawo.

A Kano aka ɗebi jinina, aka ɗebi na Rakiya, aka nemo na wasu mutum biyu da ban san su ba har yau. Tun bayan azahar aka shiga da ita, ba a fito ba sai da aka yi la'asar aka daɗe. Ni da yayarku muna zaune a benci ɗaya, tsakaninmu wurin mutum biyu. Da likitan ya fito ya kira ni, ya nuna mini abin a cikin roba, ya kai girman ƙwaryar fura. Na dube shi da kyau, domin na san za a tambaye ni. Ba hannu, ba ƙafa, ba kai, tsoka ce kawai. Ya ce sun yi ƙoƙarin tsayar da jinin su bar mahaifar, bai yiwu ba, sai da suka cire gaba ɗaya. Ya ce da an zo tana da ƙarfi, wataƙila da ba a kai ga haka ba. Ya tambaye ni yaushe aka yi hoton. Na gaya masa. Ya rubuta.

Kwana uku bayan aikin Saude ta fara magana sosai. Rakiya ta fita wanke kwano, sai Saude ta ce mini ta san hannun tun da aka ɗora mata shi, ko da ba ta gan ta ba za ta sani. Na ce ashe ta gane abin da aka gani. Ta juya fuska wajen bango.

Ta ce, "Malam, na haifi biyar. Na san motsin ɗa. Wannan ko sau ɗaya bai motsa ba."

Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce wa za ta faɗa wa, Inna da ragonta, ko ni da zan ce a yi haƙuri.  Da Rakiya ta dawo, Saude ba ta dube ta ba, amma ta matsar da ƙafarta ta bar mata wuri a bakin gado, ta ce da ni in gaya wa 'yar Bebeji ta zauna, ta sha tsayuwa.

Makarantar ta bi dokarta, kuma ban ga laifinsu ba. Aka soke duk abin da aka sa mata hannu a wannan zangon, ta maimaita shekara, ƙawayenta suka fita suka bar ta. Yau tana aikinta a wani asibiti wajen Doguwa, ita ke sa wa ɗalibai hannu a littafi. Inna kuwa ba ta taɓa yarda ba. Na gaya mata abin da na gani a roba, ta ce ai dole, tunda an haska shi da wuta ya narke ya koma tsoka. Abin da ta faɗa wa mata ke nan a gidan suna da gidan biki, shi kuka ji. Ban tsaya na ƙaryata ta a gaban mutane ba, domin uwata ce, kuma domin in na fara bayani sai na kai ga kwana ukun nan.

Ga abin da aka rasa. Mahaifar Saude, tana da shekara arba'in ba ɗaya. Ƙarfinta, domin tun daga ranar ba ta sake ɗaga taɓarya ba. Shekara guda daga karatun Rakiya. Rabin shinkafar fadama, da muka bari a ƙasa shanu suka bi ta kai. Ragon, wanda Inna ta hana a yanka ta hana a sayar, har ya mutu a ɗaure a gindin ɗorawa. Gaisuwar kaka da jika, domin Inna ta rayu shekara biyu bayan haka, Rakiya tana durƙusawa a ƙofarta duk zuwa, ba ta amsa ba har ta koma ga Allah. Yaro ba ya cikin lissafin nan, domin ba a taɓa samunsa ba balle a rasa shi. Sai kwana goma sha tara, waɗannan nawa ne, goma sha shida na rashin karatu, uku na tsoro.